Fijo Mai Ƙahon Rago

Kawu Jatau bai bar mini gona ba.
Keke ya bari, a rataye a zaure shekara sha ɗaya:
Fijo, ƙarfe zalla, kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago,
fentinsa ya koma launin ruwan kanwa.
Giyarsa 'yan hannaye biyu ne a ƙirjin ƙarfe,
sai ka sunkuya ka laluba
kamar mai neman canji a aljihun ƙasa.
Ya girme ni da damina huɗu.

Ranar Asabar suka iso bakin Tiga,
'yan birni, kekuna a kan rufin mota.
Wani Nazifi ya ɗaga nasa da yatsa biyu,
ya ce in gwada. Na ɗaga.
Wallahi faifan Tasalla ya fi shi nauyi.
Ya ɗaga nawa, ya yi nishi,
ya ce, "Baba, wannan ai garma ce."
Na ce garma ce ta ciyar da kai.

Tsere uku ne a igiya ɗaya:
ka yi iyo, ka hau keke, ka sauka ka ruga.

Ruwa bai ba ni tsoro ba, jikan masunta ne ni.
Babu tabarau, babu hular roba,
gajeren wando kawai da Bismillah.
Wani ya haure ni a haƙarƙari, na yafe masa a cikin ruwan.
Na fito na bakwai, gansakuka a gemu.

Sai hanyar Rano, kilomita arba'in.
Sirdin fata ya san zaman kawu kafin nawa,
har yau bai gama yarda da ni ba.
Sarƙa tana tari, birki yana kukan zabuwa.
A hawa suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya,
shiru, kamar tsuntsaye,
ni kuwa ina niƙa dutse da cinya.
Amma abin da hawa ya ranta, gangara ta biya:
nauyi ya tuna amfaninsa,
na kwanta a kan ƙahon, iska ta cika mini riga,
yaran Rurum suna ihu a kan kwalbati,
"Ilu mai faci! Ilu mai faci!"

Bayan kwanar na gan shi zaune a gefen titi.
Tsidau ya gaisa da tayarsa.
Na rage gudu, na jefa masa gwangwanin faci,
ya bi shi da kallo
kamar wasiƙa da harshen da bai iya ba.
Na wuce da taku ashirin.
Na ja tsaki. Na juyo.
Minti biyar, yawu a kan tif, gam, babban yatsa.
Mutum tara na ƙirga suna wucewa,
na goma ban ɗago ba.

Gudu kuma, kada a tambaye ni.
Na sauka na tarar an musanya mini ƙafafu,
na aro ne, na wani tsoho mai bin bashi.
Tsakanin gonakin shinkafa Nazifi ya cim mini,
ya ce, "Sannu, Baba," ya ɗan jera da ni,
sannan ƙuruciya ta ja shi gaba.

Na ashirin da biyu cikin talatin da ɗaya.
Lemo ɗaya, da ƙarfe a zare.

Da la'asar ya zo har rumfata,
ina ɗiga wa sarƙa man keken ɗinkin Tasalla.
Ya shafa ƙahon, ya faɗi kuɗin da ya kai saniya,
wai zai rataye shi a bangon shagonsa, don tarihi.
Na juya feda, taya ta yi ta juyawa ita kaɗai,
muna saurare har ta tsaya.
Na ce, yaro, ai ya sha rataya.
Baɗi ka zo da facinka.